Tashin Tsuntsaye a Hayin Dam

Litinin, 23 ga Maris

Ruwan dam ya ƙara ja baya. Taɓon da ya bari ya fi filin ƙwallon makarantarmu, kuma duk ya cika da ƙafafu. Tsuntsayen nan da ake kira shara sun yi dafifi suna caccakar laka babu ɗaga kai. Da gaskiyarsu, tafiya ce a gabansu, wata mai kamawa za su nufi arewa, ƙasashen sanyi. Masu dogayen jajayen ƙafafun nan ma suna nan, waɗanda har yau ban sami tsohon da ya gaya min sunansu da Hausa ba, suna taku ɗai-ɗai kamar ango ranar ɗaurin aure. Zalɓe guda can gefe, ya haɗe rai, ba ruwansa da kowa.

Zakaran ƙeƙuwa da matarsa sun yi ƙwai a ƙasa, kusa da dutsen da nake zama a kan ganuwar dam. Fitinanne! Ni ya saba da ni, ko kallo ban ishe shi ba. Amma wani ya doso wurin, sai ya tashi da ihu kamar ana yanka shi.

Matata Asiya ta ce, "Malam, mutane suna kwana da takalmi a ƙafa, kai kana can kana kallon tsuntsu." Na ce to in na daina, 'yan bindigar tuba za su yi? Ta harare ni ta ci gaba da tankaɗenta. Matar nan ba za ta taɓa ganewa ba. Na ƙarar da ƙuruciyata a gaban allo ina koyar da 'ya'yan mutane, na yi ritaya, abin da ya rage min ke nan: dutsen nan, da madubin hangen nesan da na samo tun ina koyarwa a ƙasar Haɗeja.

Alhamis, 26 ga Maris

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An shiga Hayi, ƙauyen da ke ƙetaren dam, wanda nake hangen rumbunansa kullum. 'Yan bindiga sun kore shanu, sun kashe mutum ɗaya, sun tafi da uku. Mun ji harbin. Ba wanda ya fita, har ni.

Da gari ya waye mutanen Hayi suka zagayo ta wutsiyar dam, inda ruwa ya ƙafe, da tabarmi da tukwane a ka. Asiya ta buɗe wa Hure ɗakin da 'yarmu Sakina ta bari da ta yi aure. Hure ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗa ɗaya gare ta, Muntaka ɗan acaɓa. Ni na koyar da shi a aji huɗu. Kansa ba ya ja ko kaɗan, amma ban taɓa jin ya yi wa babba rashin kunya ba. Tun faruwar abin ba a gan shi ba. Wasu na cewa an tafi da shi. Wasu na cewa shi ya bi su da ƙafarsa.

Mai Unguwa Dabo ya sa an yi shela, kada wanda ya sake ƙetarawa Hayi.

Asabar, 28 ga Maris

Na je dam. Tsuntsaye ba su san an yi komai ba.

A dawowa na yi sallama a majalisar ƙofar mai shayi. Mutum biyu suka amsa, su ma a ciki-ciki. Jimami ne, ina jin.

Lahadi, 29 ga Maris

Ba jimami ba ne. Asiya ta dawo daga gidan gaisuwa idonta ja wur, ta rufe ƙofa kafin ta yi magana. Wai madubina kyamara ce. Wai da ita nake ɗaukar gidajen Hayi ina tura wa mutanen daji, ga mai shanu, ga mai ƙofar langa-langa. Wai ba a taɓa ganin mai hankali ya zauna tun safe yana kallon tsuntsun da ba ci zai yi ba, sai in da wata a ƙasa.

Infoma. Ni Iliyasu! Ni da wayata ko hoto ba ta ɗauka, tocila ce kawai abin alfaharinta. Rabin masu faɗin haka ni na koya musu riƙe fensir, wasu ma har majina na share musu. Tir da wannan zamani.

Na yi dariya a gabanta, na ce shirmen mata ne. Da ta fita na daina dariyar. Kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa sunan nan. Ba a kai shi gaban alƙali.

Talata, 31 ga Maris

A sallar la'asar na ji iska tana bugun kafaɗata ta dama. Na saci kallo, sai na ga gurbin mutum guda tsakanina da na kusa da ni. Liman ya ce a daidaita sahu, a matso. Ba wanda ya motsa. Wallahi ban san me aka yi a sallar nan ba, bin su kawai na yi.

Sakina ta bugo daga Rijiyar Zaki, can Kano, tana kuka. "Baba, don girman Allah ku taho wurinmu, ka bar musu garin." Na ce in na hau mota yau, to na amsa da bakina cewa ni ne, kuma kafin mu kai Kano an cinna wa gidan wuta. Ta ce gida ya fi rai? Na ce ta ba ni jikana mu gaisa.

Alhamis, 2 ga Afrilu

An kira ni zauren Mai Unguwa, aka ce in zo da "kyamarar". Zaure cike. Yuguda, shugaban 'yan sa-kai, yana tsaye a bakin ƙofa da bindigarsa ta gargajiya. Ƙaninsa na cikin mutum ukun da aka tafi da su, saboda haka ban ga laifin jan idonsa ba, amma ni ma ba ni na ɗauke shi ba.

Ya karɓi madubin ya jujjuya, ya girgiza shi a kunne. Ya ce, "Ina wurin memorin?" Na ce babu. Ya kara a ido ta baya, ya ga Mai Unguwa ya zama ɗan mitsitsi can nesa, ya yi firgigit ya sauke. Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Na ce, "Juya shi, Yuguda. In kuma ba ka yarda ba, ga dutse nan, fasa ka duba cikinsa." Bakina ne ya faɗa, zuciyata tana roƙon Allah kada ya ɗauki shawarar.

Ya juya, ya leƙa ta ƙofa. Ya daɗe. Ya ce yana ganin ƙullin igiyar da ke wuyan jakin da ke can bakin rijiya. Aka yi ta miƙa wa juna, tsofaffi suna salati.

Mai Unguwa ya yi gyaran murya. "Malam, tunda idonka ya kai Hayi, ka ara wa gari shi. Ka zauna inda ka saba zama. Duk abin da ya gifta a can, ko kare ne, ka gaya wa Yuguda. In an ga amfaninka, bakin mutane zai mutu."

Na ce in ba a ga komai ba fa? Yuguda ya miƙo min madubin. Ya ce, "Za a gani."

Asabar, 4 ga Afrilu

Na zama mai gadi da tsufana. Hayi shiru, ƙofofi a buɗe, wani zakara da aka manta yana ta cara shi kaɗai.

Mazan shara sun fara sauya riga. Wuyan wani ya fara baƙi, na wani fari, wani ja-ja kamar ƙasar gini, ba biyun da suka yi kama. A can inda za su ake ƙarasa adon, mu nan farkonsa kawai muke gani. Bara war haka na wuni ina murna kamar yaro. Yau ina kallonsu rabin idona yana kan rumbunan Hayi.

Yuguda ya zo da hantsi. Tun yana nesa zakaran ƙeƙuwa ya tona masa asiri, na ji daɗin ganin yadda ya kai masa sura a ka har hularsa ta kusa faɗuwa. "Me ka gani?" Na ce kare guda, mai ɗingishi.

Litinin, 6 ga Afrilu

Ya Allah.

Tsuntsun bakin ruwa ba tashi ɗaya yake yi ba. In shaho ne, gaba ɗaya suke tashi, su dunƙule a sama su yi ta juyi. In mutum ne yake bin gaɓa, sai su riƙa tashi kaɗan-kaɗan a gabansa suna sauka a bayansa, kamar ana naɗe tabarma. Yau da sassafe na ga ana naɗe tabarmar nan a hayi, daga wutsiyar dam zuwa tsohon ɗakin injin ban-ruwa, inda ciyawa ta fi tsayin mutum.

Na bi da madubi. Mace ce, a sunkuye, tana sauri. Mayafin na sani, na Asiya ne, mai ruwan toka, wanda ta ba Hure ranar da suka zo. Kwanon ma na sani. Kwanon gidana ne mai jan murfi, wanda ake zuba min ɗumame.

Ta ajiye a bakin ciyawa ta ja da baya. Sai ciyawar ta buɗe, mutum ya fito da rarrafe yana jan ƙafa ɗaya. Muntaka. Ya rame, gashi ya yi masa buzu-buzu. Da hannu biyu yake ci, ita kuma tana tsugune ta juya masa baya tana duba hanya. Da ya gama ta ɗauki kwanon, tsuntsaye suka sake tashi a gabanta har ta ɓace.

Na sauke madubin. Ga abin da ake nema a wurina, an kawo min har gaban ido. Kalma ɗaya, in koma Malam Iliyasu na dā.

Da Yuguda ya zo ya ce wani ɗan sintiri ya hango tsuntsaye suna tashi a hayi, mene ne? Na ce shaho ne. Ya dubi sama. Sama fes, ko hankaka babu. Na ce ya wuce.

Talata, 7 ga Afrilu

Na tsare Asiya a madafa. Na ce ɗumamen gidan nan kwana biyu ina yake zuwa? Ba ta ko musa ba. Ta ce, "Uwa ce fa, Malam."

Uwa ce! Ni kuma fa, icce ne? Ana neman hujjar da za a rataya min, ke kina zuba tuwona a kwanona ana kai wa wanda duk gari ke nema! In aka kama shi da jan murfin nan, wa zai yarda ban sani ba? Na faɗa mata maganganu, wasu ma ba su kamata ba. Murya ƙasa-ƙasa, don Hure na ɗakin da ke jikin namu. Faɗa da raɗa, abin ya fi ciwo.

Abin da yaron ya gaya wa uwarsa: da bakin bindiga suka sa shi ya ɗauki kayan da suka kwasa a babur ɗinsa har bakin daji, suka ƙwace babur suka koro shi. A hanya kututture ya huda masa ƙafa. Da ya matso gari ya ji ana ambaton sunansa, sai tsoro ya hana shi shigowa. Haka ya ce. Ko gaskiya ne, Allah masani. Ni dai na san ko a aji bai iya shirya ƙarya mai tsawo ba, amma mutum yana sauyawa.

Na ce a gaya mata ya bar wurin, ya nufi Kano ko duk inda ya ga dama. Asiya ta ce ƙafar ta kumbura kamar taɓarya, sai ta saɓe.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Tsuntsayen hayi sun sake tashi. Na kau da madubi na kalli zalɓe har wuyana ya ƙage.

Juma'a, 10 ga Afrilu

Waɗanda suka je cin kasuwa sun dawo da labari. A wani gari can yamma an kama wani da aka ce infoma ne, ko gawarsa ba a ba iyalinsa ba. A gabana ake ba da labarin a bakin masallaci, da ƙarfi, don in ji. Na ji.

Mutanen daji sun bugo wa gidan su Yuguda waya. Sun gaya musu inda 'yan sintiri suka koma tsayawa, wurin da aka sauya shekaranjiya-shekaranjiyar nan. Ke nan har yanzu akwai mai kai musu magana.

Yuguda ya tare ni a hanya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Malam, kullum babu, kullum babu. Idon da ya ga ƙullin igiya a wuyan jaki, shi ne bai ga komai ba? Ƙanina yana ɗaure a daji, 'ya'yansa suna tambayata." Na ce abin da na gani nake faɗa. Ya ce, "Shi ne abin da nake so in tabbatar."

Lahadi, 12 ga Afrilu

Hure ta same ni a zaure ina gyara takalmi. Ta durƙusa daga nesa. "Malam, ina hango farar rigarka daga can. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana." Ba ta faɗin sunan yaron, ɗan fari ne, sai dai ta ce "shi wannan". Ta ce shi wannan ya ce a gaishe da malaminsa.

Haushi ya kama ni, wallahi haushi. Wa ya ce ta gode min? Ban yi alkawarin komai ba. Na ce, "Hure, ya tafi. Ko da rarrafe ne ya tafi." Ta ce ƙafar ta fara saɓewa, kwana kaɗan ya rage, ta sami mai motar itace da zai ɓoye shi zuwa Makoda wurin kawunsa. Na ce kwana kaɗan ɗin nan ba ni da su. Ta ce, "Allah yana nan, Malam."

Na san yana nan. Na ci gaba da ɗinkin takalmina, na soki yatsa.

Talata, 14 ga Afrilu

Mun tashi mun tarar an yayyafa fetur a jikin zanan bayan gida. Ba a kunna ba. Warin kawai aka bar mana. Asiya ta yi ta kwara ruwa tana karanta duk addu'ar da ta sani.

Mai Unguwa ya aiko in same shi ta ƙofar baya. Ya tsufa a 'yan kwanakin nan. Ya ce, "Malam, Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zauna a kanka. Na riƙe samarin nan iya riƙona, hannuna ya gaji. In da abin da ka sani, ka taimaki kanka." Na ce ban san komai ba. Ya ce to Allah ya kyauta, bai dube ni ba.

Shamuwa ta iso, na ga biyu a kan kukar makaranta, yara suna ta tsalle a ƙasa. Damina ta kusa ke nan. Ko zan ga shuka, oho.

Laraba, 15 ga Afrilu

Zafi kamar a tanda. Ƙwan zakaran ƙeƙuwa ya fara fashewa, ɗa guda ya fito, ɗan dunƙulen auduga mai ƙafa. Tsoro nake ji. Na rubuta, tunda ba mai gani: tsoro nake ji ƙwarai.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Na zauna inda na saba. Tsuntsaye suka tashi yadda suka saba, daga wutsiyar dam zuwa ɗakin inji. Hannun da ya shekara da shekaru yana bin tashin tsuntsu ba ya neman izini. Na bi su. Na tsaya a inda suka tsaya.

Sai na ji hannu a kafaɗata. "Kawo." Yuguda ne. Wannan karon bai kara ta baya ba. Ya saita daidai inda na saita, na ji numfashinsa ya sauya. Ya ajiye madubin a kan dutse, a hankali, kamar ƙwai. Ya gangara yana busa usur. Ashe samarin suna gindin ganuwa da baburansu.

Da na bar madubin a inda ya ajiye shi. Ban bari ba, na ɗauka.

Duk tsuntsayen hayi suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi baƙi. Ba zan rubuta sauran ba. Hure ture ta kawai suka yi. Shi ko gudu bai gwada ba, da wace ƙafar. Kafin azahar an gama. Liman da tsofaffi huɗu ne suka yi masa sallah, na tsaya daga baya, ban san ko ina cikin sahun ko ba na ciki ba.

Ban faɗa ba. Bakina bai furta sunan kowa ba. Wannan Allah ne shaida.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Ba a zauna a kaina ba. Bayan an sallame Yuguda ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce jama'a su ji, madubin Malam Iliyasu ne ya tona maɓoyar infoma, duk wanda ya zarge shi ya nemi gafararsa. Aka yi caa a kaina. Hannuwa, hannuwa. "Malam, a yafe mana." "Mu dama mun san ba za ka aikata ba." Munafukan banza. Na amsa wa kowa, har murmushi na yi, na ji shi a fuskata.

An tambayi Hure a gaban Mai Unguwa yadda aka yi kwanon gidana ya je hayi. Ta ce sata take yi in mun yi barci, mu ba mu sani ba. Ta rantse. Aka ce ta bar garin, an yafe mata don tsufa.

Sarkin fawa ya aiko da tsoka mai kyau. Asiya ta karɓa ta miƙa wa maƙwabta ta kan katanga, ko buɗe takardar ba ta yi ba. Tun jiya ba ta ce min komai ba sai "ga abinci".

Asabar, 18 ga Afrilu

Mutanen daji sun sake bugo waya. Sun san duk abin da aka yi ranar Alhamis, har wanda ya fara kai duka. A majalisa an faɗi wannan, sai wani ya kawo zancen tsadar taki.

Mai shayi ya ƙi karɓar komai a hannuna. Na sha.

Lahadi, 19 ga Afrilu

Ban je dam ba. Ciwon baya. Yuguda ya aiko a tambayi lafiya, wai za a kafa min rumfa a kan ganuwa saboda rana.

Akwai abin da ban sa ba a na ranar Alhamis, ba don komai ba, mantuwa ce. Kafin in ɗaga madubin, zakaran ƙeƙuwa ya yi ihu a bayana. Ya daɗe yana yi. To amma yanzu da yake da ɗa, komai ma ihu yake yi masa, akuya, kare, ko leda iska ta kwaso. Ba lallai mutum ba ne. Na dai ji shi. Ban waiwaya ba.

Da hantsi Hure ta fito da ƙullin kayanta, za ta bi motar Makoda. Na so in shige ɗaki, ta riga ni zuwa zaure. Ta durƙusa inda ta durƙusa rannan. Na shirya wa tsinuwa, na shirya wa kuka, wallahi da ta tofa min yawu da na ji sauƙi. Ta gode da masauki. Ta ce a yafe mata tuwon da ta ɗiba. Sannan ta ɗago, karon farko tun da na san ta ta dube ni ido cikin ido.

"Malam, kai da kake gani har can. Ni na ajiye na juya baya ina duba hanya, sai na ji babura. Shi wannan, ya samu ya ci kuwa? Jiyan ranar ban kai masa ba."

Ranar na ga kwanon. Na ga ƙafar wani ta yi ƙwallo da shi, ya gangara cikin taɓo da murfinsa a rufe, ƙullin tsumman ma ba a kwance ba.

Na ce, "Ya ci, Hure. Ya cinye tas."

Ta ce alhamdulillahi. Ta maimaita. Ta ɗora kayanta a ka ta fita, Asiya ta raka ta har bakin titi.

Da Asiya ta dawo ta tsaya a kaina, ta daɗe, inuwarta a kan tabarmata. Ta ce, "Malam, da gaske ya ci?"

Na ce ta miƙo min buta, azahar ta kusa.